Yadda damfara ke bin sawun hawa da saukar tattalin arziki

Duk lokacin da wani kamfanin "zuba kuɗi ka ninka riba" ya rufe ƙofa, abin da aka fi ji shi ne kwaɗayi mabuɗin wahala. Gaskiya ne, amma kwaɗayi ba ya bayyana dalilin da ya sa damfara ke yawaita a wasu shekaru, ta lafa a wasu. Tarihin Najeriya ya nuna cewa tana da nata lokutan, kuma suna bin yanayin tattalin arziki.

A lokacin yalwa ake shuka babbar damfara. Kuɗi na yawo, bankuna na ba da bashi cikin sauƙi, masu sa ido kuma sun saki jiki saboda kowa na cin riba. Haka aka yi a kasuwar hannayen jari ta Najeriya kafin 2008, inda bankuna suka riƙa ba da bashi don a sayi hannayen jari, har da nasu. Da farashi ya rushe, asiri ya tonu. A watan Agustan 2009, gwamnan Babban Bankin Najeriya, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, aka kuma zuba naira biliyan 420 don ceto su. A Amurka ma, Bernard Madoff ya shafe shekaru yana biyan tsofaffin masu zuba jari da kuɗin sababbi, kuma bai tonu ba sai a Disambar 2008, lokacin da matsin tattalin arziki ya sa jama'a suka nemi kuɗinsu a lokaci guda.

Lokacin tsanani kuwa yana haifar da wani nau'in damfarar daban, wadda ke farautar talaka. Wasiƙun 419, da suka samo sunansu daga wani sashe na dokar manyan laifuka, sun bunƙasa ne bayan faɗuwar farashin man fetur a shekarun 1980 da shirin tsuke bakin aljihu na SAP na 1986, sa'ad da darajar naira ta zube, masu digiri suka rasa aikin yi.

A 2016 tattalin arzikin Najeriya ya shiga koma-baya, hauhawar farashi ta haura kashi 18 cikin ɗari. A shekarar ne MMM, shirin ɗan ƙasar Rasha Sergei Mavrodi, ya mamaye ƙasar da alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata. Ya dakatar da biyan kuɗi a watan Disamba, kuma hukumar NDIC ta ƙiyasta asarar da aka tafka a kan naira biliyan 18. Bayan cire tallafin mai a 2023, hauhawar farashi ta kai kashi 34 da ɗoriya a ƙarshen 2024. A Afrilun 2025 sai CBEX, wanda ya yi alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ya rufe da dukiyar mutane.

Dalilin a fili yake. Idan kuɗin da ma'aikaci ya ajiye a banki na rasa daraja kowane wata, alƙawarin riba mai tsoka yakan zame masa tamkar hanyar tsira. Ga shi kuma ɗan'uwansa ko abokin aikinsa da aka riga aka biya shi ne ke jawo shi, alhali kuɗin sabon shiga ne aka ba wancan. Da zarar sababbin shiga sun ragu, tsarin ya durƙushe.

Dokar zuba jari ta 2025 ta haramta irin waɗannan tsare-tsare ƙarara, ta kuma tanadi ɗauri da tara ga masu gudanar da su. Sai dai hukunci kan zo ne bayan kuɗi sun salwanta, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tunda an san lokutan da damfara ke tsiro, ya kamata hukumomin SEC da EFCC da Babban Banki su tsananta bincike tun ana cikin yalwa, su kuma riƙa rufe kamfanonin da ba su da rajista tun suna talla a Facebook da WhatsApp. Tambayar da ya dace matasa su yi wa 'yan majalisa ita ce: kamfanoni nawa aka dakatar kafin su gudu da kuɗin jama'a, kuma nawa aka ƙwato aka mayar wa masu shi?