Bindigar Toka a Jisonayili: Gado Ne, Amma Wuta Ce

Baƙon da ya sauka Tamale a watan Damba, ƙarar bindiga ce ke fara razana shi. Mu da muka daɗe a Jisonayili mun saba: in ka ji "dum!", farin hayaƙi ya turnuƙe, to ko dai sarki ne ya fito, ko ana makokin wani basarake. Bindigar toka ce, wadda a gida muke kira adaka ko harba-ka-ruga. Na ɗauko zancenta ne don 'ya'yanmu da aka haifa a nan sun fara sha'awarta, har wasu na tara kuɗin albarushi su bi sahun masu harbi.

Ai ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Kumbari (1731 zuwa 1743) aka riƙa shigo da bindigogi daga Nufe, kuma Babba Zaki (1768 zuwa 1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Har gobe su ne ke cika gari da ƙara a Hawan Daushe. A nan ƙasar Dagomba kuwa ta kudu ta biyo. Turawan Denmak da sauransu na sayar da ita a bakin teku, Asante suka saya, kuma bayan yaƙinsu da Dagomba wajen 1744 aka samu rundunar 'yan bindiga da ake kira Kambonsi. Zuriyarsu ce ke gaba wajen harbi a bukukuwa har yau.

Aikinta ba wuya. Ta baki ake ɗura albarushi, a cusa tsumma, a danna da dogon ƙarfe. Irin ta farko da igiya mai ci da wuta ake kunna ta. Daga baya aka koma ƙanƙara: a ja kunama, dutse ya bugi ƙarfe, tartsatsi ya bi ta ƙaramin rami ya kama albarushin. Cikin bututunta sumul yake, harsashi ba ya juyawa, shi ya sa ba ta da saiti daga nesa, ga jinkirin ɗuri. Wannan rauni ya bayyana a Adibo, kusa da Yendi, a Disamba 1896, inda Jamusawa 'yan kaɗan masu bindigogin zamani suka karya rundunar Ya Na Andani.

Yanzu ta zama ta biki, ba a sa mata harsashi. To nan fa yara ke ruɗuwa, su ce ai ƙara ce kawai. Ɗan wani maƙwabcinmu mai sayar da albasa ya ari ta abokinsa, ya ninka albarushi don tasa ta fi ta kowa amo. Bututun ya tsage a hannunsa. Yatsu biyu suka tafi, kuɗin da uban ya ware na sarin kaya suka ƙare a jinya. Ranar da na je dubiya uwar ta ce mini, "Alhaji, wallahi ce mini ya yi kallo zai je."

Dattawan masu harbi da na zauna da su suna da ƙa'idoji da ba sa ƙetarewa. Albarushi da mudunsa, ba a ƙiyasi da ido. Ba a zuba shi kai tsaye daga gora, domin ragowar garwashi a bututu na iya kama gorar duka. In an ja kunama ba ta tashi ba, ba a leƙa bakinta. A ɗaga ta sama a jira, don takan yi jinkiri sannan ta tashi. Ba a sa mata garin harsashin zamani, ƙarfinsa ya fi ƙarfin bututun. Tsumman da ke fita ma na iya huda mutum a kusa. Bayan biki a wanke ta da ruwan zafi, a busar, a shafa mai, in ba haka ba tsatsa ta cinye ta daga ciki. Wadda aka ƙera da bututun famfo kuwa, ko kyauta aka ba ka, bar ta.

Sai maganar hukuma. A Gana riƙe bindiga, ko ta toka ce, sai da lasisin 'yan sanda, kuma tun 2007 akwai hukumar ƙasa mai sa ido kan ƙananan makamai. Ɗan kasuwa mai bin hanyar Paga ko Aflao, kada wani ya ba ka saƙon albarushi ka cusa cikin buhunan kaya. In aka kama, da kayan da kai duk kun kwana.

Ni ban ce a hana yaro son abin da ya tashi yana gani ba. Amma in ya nace, ka kama hannunsa ka kai shi wurin dattijon da ya san aikin, ya fara da riƙe jaka da wankin bututu. Ya daɗe yana kallo kafin ya taɓa kunama. Uwar gida kuma, in kin ji warin albarushi a rigar ɗanki, kada ki jira sai Damba ta wuce kafin ki tambaye shi.