Aljanu, Gado ko Koyo: Daga Ina Mawaƙanmu Suka Samo Fasaha?

A majalisun Birnin Kudu da Gwaram, da zarar rediyo ya saki muryar Shata ko Ɗanƙwairo, sai hira ta koma kan asalin fasaharsu. Yawancin abin da muke faɗa ji muka yi daga manya, kuma ya dace mu auna shi.

"Babban mawaƙi da aljanu yake aiki"

Maganar ta yaɗu ne domin mu 'yan kallo wasa kawai muke gani, ba ma ganin shiri. Mawaƙi ya hango baƙo a fili, nan take ya ambaci sunansa da na kakansa, dole mu yi mamaki. Amma tun kafin a ɗaura kalangu, sanƙira ya riga ya zaga ya tattaro sunaye da nasabar manyan da suka zo. Lokacin da 'yan amshi suke maimaita amshi kuwa, jagora yana samun sararin numfasawa ya tsara ɗiyan da zai biyo baya. Makaɗa suna bin hawa da saukar muryarsa ne saboda sun shekara suna tare. Su kansu mawaƙan sun ƙara wa zancen gishiri da kirarin da suke yi wa kansu, ga kuma kiɗan garaya na bori da ya sa muka haɗa kowane kiɗa da iskoki. Idan muka ce aikin aljanu ne, mun tauye haƙƙin waɗannan mutane da suka yi gumi a bayan jagora.

"Sai wanda ya gada yake iya waƙa"

Gado yana taimakawa, domin gidan makaɗa makaranta ne. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a ƙungiyar mahaifinsa ya tashi yana amshi. Amma Mamman Shata, da aka haifa a Musawa a 1923, bai gada ba, mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba. Ɗan Maraya Jos ɗan makaɗi ne, sai dai ya rasa mahaifinsa tun yana jariri, bai samu koyo a hannunsa ba.

"Yaro mai baiwa ba ya buƙatar koyo"

Turawa ma suna da irin wannan zance game da Mozart, wanda aka haifa a Salzburg a 1756, ya fara tsara kiɗa yana ɗan shekara 5. Abin da ake mantawa shi ne mahaifinsa Leopold malamin kiɗa ne, har ya wallafa littafin koyar da gogen Turawa a shekarar da aka haifi yaron. Shi ya zauna da shi yana koya masa, ya kuma zaga da shi fadojin Turai. Baiwa gaskiya ce, daga Allah take. Labarin mamaki dai ya fi daɗin bayarwa a kan labarin horo, shi ya sa shi ne yake yawo.

"Yankinmu ba shi da abin faɗa a tarihin kiɗa"

Da yake muryoyin Katsina, Sakkwato da Zamfara ne suka cika rediyo, sai muka ɗauka haka ne. Alhali a 1955 masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya lura da duwatsu masu amo a Birnin Kudu, kusa da zanen shanun da ke jikin duwatsu, ya kuma wallafa bincikensa a 1956. Idan ka bugi irin wannan dutse da ƙaramin dutse, zai yi ƙara kamar ƙararrawa, kuma gurbin da bugun mutanen dā ya bari yana nan a jikinsa. Muna roƙon malaman makarantunmu su riƙa kai ɗalibai su gani su saurara, su kuma hana su yin rubutu a jikin duwatsun.