Ƙara sashe a cikin gida: Me doka ta tanada a Dutse?

A unguwar Takur da ke Dutse, babban birnin jihar Jigawa, mai gidan da ke da ragowar fili a bayan gidansa kan ɗauka cewa ba abin da ya rage masa illa ya sayo bulo da siminti, ya kira birkila.

To sai dai a idon doka, ƙara ɗaki mai banɗakinsa da kicin ɗinsa da ƙofarsa sabon gini ne, wanda ke buƙatar izini kamar yadda ainihin gidan ya buƙata.

Wanda kuwa ya tsallake wannan mataki yana iya yin asarar ginin baki ɗaya, ba tare da an biya shi ko kwabo ba.

Me ya kawo yawan irin wannan gini?

Ƙara sashe ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin tun asali gida yana girma ne tare da iyali: ɗa ya isa aure a yanka masa sashe, tsohuwa ta dawo a fitar mata da ɗaki.

Abin da ya sauya shi ne garin kansa. Dutse ta zama babban birni ne a ranar 27 ga watan Agustan 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga tsohuwar jihar Kano.

Tun daga nan ma'aikata suka yi ta kwararowa, sannan kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 ya ƙaro ɗalibai da malamai masu neman ƙaramin muhalli.

Wannan ne ya mai da baskwata da ɗakunan bayan gida hanyar samun kuɗin haya.

Ba filin mutum ba ne?

A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, dukkan filayen jiha amana ce a hannun gwamna, kuma shi ne ke da iko da filayen birane.

Abin da mai gida ke riƙe da shi shi ne haƙƙin zama da cin moriyar filin, galibi na tsawon shekara 99.

Takardar shaidar mallaka ba izinin gini ba ce. Hasali ma takan zo da sharuɗɗa game da abin da aka ba da filin dominsa, kuma sashe na 28 na dokar ya bai wa gwamna damar soke ta idan aka saɓa musu.

Haka nan izinin da aka samu lokacin gina gidan ya tsaya ne a kan zanen da aka amince da shi. Duk ginin da ba ya cikin wannan zane sai an sake nema masa nasa.

Wa ke ba da izinin?

A 1992 gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 88 kan tsara birane da yankuna a duk faɗin Najeriya.

Amma a 2003, a shari'ar da jihar Legas ta shigar da gwamnatin tarayya, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne.

Ita ma ƙa'idar gine-gine ta ƙasa da aka fitar a 2006, tana samun ƙarfi ne a jiha idan jihar ta rungume ta cikin dokokinta.

Saboda haka ƙa'idar Legas ko ta Abuja ba lallai ne ta zama ta Dutse ba. Mai gida a Takur zai fara ne daga hukumar jihar da ke ba da izinin gini, yayin da lamuran takardun fili ke hannun ma'aikatar ƙasa ta jihar.

Bisa al'ada akan nemi shaidar mallakar filin, da taswirar safiyo, da zanen ginin wanda mai zanen gine-gine da ke da rajista da hukumar ARCON ya buga wa hatimi.

Idan kuma bene za a ɗora a kan tsohon gini, sai injiniya mai rajista da hukumar COREN ya tabbatar cewa harsashin zai ɗauki nauyin.

Me jami'ai ke dubawa?

Na farko shi ne tazara tsakanin sabon ginin da katanga, da titi, da kuma ainihin gidan, domin iska da haske su samu shiga, kuma gobara ta kasa tsallakawa cikin sauƙi.

Na biyu shi ne yawan filin da gini ya cinye. Gidan da aka cike shi da ɗakuna har bango ba shi da inda ruwan sama zai nutse, sai dai ya malala titi ko gidan maƙwabta.

Ambaliyar 2022, wadda ta hallaka mutane da dama tare da rusa dubban gidaje a Jigawa, ta nuna haɗarin da ke tattare da gini a kan hanyar ruwa.

Akwai kuma wayoyin lantarki. Ƙa'idar ƙasa ta keɓe faɗin mita 11 a ƙarƙashin layukan da ke ɗauke da kilobolt 11 da 33, da mita 30 ga na 132, da mita 50 ga na 330, kuma ba a yarda a yi gini a ciki ba.

Masai da rijiya

Banɗakin da ke sa sashen ya tsaya da kansa shi ne kuma ya fi kawo matsala, domin yana buƙatar ramin sokawe.

Ma'aunin da hukumomin agaji na duniya ke aiki da shi ya nemi a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin bahaya da rijiya.

Fulotin da aka saba yankawa kuwa, mai ƙafa 50 a faɗi da 100 a tsawo, bai wuce kimanin mita 15 da 30 ba.

Ke nan ramin da aka haƙa a kusurwar bayan gida yana iya kasancewa dab da rijiya ko burtsatsen maƙwabci, abin da ke buɗe ƙofa ga kwalara da zazzaɓin taifot.

Fiƙihun Malikiyya, wanda ake bi a yankin, ya daɗe da hana cutar da maƙwabci ta hanyar gini, ciki har da buɗe tagar da ke leƙa tsakar gidansa.

Idan aka gina ba izini fa?

Matakin farko shi ne umarnin dakatar da aiki, wanda akan rubuta da jan fenti a jikin bango.

Daga nan hukuma na iya neman a gyara ginin, ko ta ci tara, ko kuma ta ba da sanarwar rusau idan ginin ya hau titi ko magudanar ruwa.

Ko da ginin ya tsira, rashin takarda kan biyo mai shi, domin yana iya kawo cikas ranar da za a jinginar da gidan ga banki ko a sayar da shi.

Sayarwa da gado

Izinin gina sashe bai mai da shi gida na daban ba. Sashe na 22 na dokar 1978 ya haramta sayarwa ko jinginar da filin da gwamna ya bayar, ko wani yanki nasa, sai da amincewarsa.

Matsalar ta fi fitowa fili a lokacin rabon gado. Idan ɗa ya gina sashe da kuɗinsa a filin mahaifinsa, filin na nan cikin dukiyar da sauran magada ke da haƙƙi a kai.

Rubutacciyar yarjejeniya a gaban shaidu, da ke fayyace ko kyauta ce ko aro, kan rage irin wannan jayayya a gaban alƙali.

Yaya abin yake a wasu ƙasashe?

A Ingila mai gida na iya gina ɗakin ajiya ko garejin mota a harabarsa ba tare da neman izinin tsara gari ba, muddin gine-ginen ba su rufe fiye da rabin filin da ke kewaye da gidan ba.

Amma da zarar ginin ya zama muhalli mai zaman kansa, sai an nemi izini.

A jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa, tun daga 2016 ake ta sassauta dokoki domin ƙarfafa irin wannan gini saboda ƙarancin gidaje, amma ba a soke neman izinin ba.

A Takur ma, kuɗin zane da na neman izini kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin bulo da rodi da kwanon da ake asara a ranar rusau.