Siminti Ba Bushewa Yake Yi Ba

Asalin siminti dutse ne. Ana yin sa da dutsen farar ƙasa da yumɓu, kuma arewacin Kamaru na da irin wannan dutse a yankin Figil da Bidzar, a kan hanyar Garwa zuwa Marwa, inda kamfanin Cimencam ya daɗe da kafa masana'anta. Ana fasa dutsen, a niƙe shi tare da yumɓu, a zuba cikin wani dogon tanderu mai juyawa wanda zafinsa ke kai digiri 1450. A wannan zafi sinadaran kalsiyam da silika ke haɗuwa su zama ƙananan ƙwallaye masu ruwan toka da ake kira kilinka. Sai a sake niƙa su da ɗan jifsam, wanda ke hana kwaɓi daskarewa tun yana kan shebur. Wani magini ɗan Ingila, Joseph Aspdin, shi ya yi rajistar simintin da ake kira Portland a 1824.

Mutane da yawa sun ɗauka siminti bushewa yake yi kamar jar ƙasa. Ba haka ba ne. Idan ruwa ya taɓa garin, kowace ƙwaya takan fara narkewa daga bayanta, wasu siraran zarurruka da ido ba ya gani su tsiro, su sarƙe da juna kamar saiwar kirikiri, su kama yashi da tsakuwa su mai da su dutse guda. Ruwan yana shiga jikin sabon dutsen ne ya zauna, shi ya sa kankare ke iya ƙarfi ko a ƙarƙashin ruwa. Aikin kuma a hankali yake tafiya: a kwana 7 kankare ya samu wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, ba a auna cikakken ƙarfinsa sai a kwana 28. Lambar 32,5 ko 42,5 da ke jikin buhu ƙarfin kwana 28 ɗin take nufi.

A nan zafin Garwa ke yin ɓarna. A watannin Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40, ga iskar rani busasshiya. Bulo da aka buga da safe aka shanya a rana, kafin la'asar ruwansa ya tafi, zarurrukan sun tsaya da tsiro. A ido ya yi fari fes, amma idan aka murza gefensa da yatsa sai gari ya zubo. Bulo da rufin kankare (dakin) da aka zuba suna bukatar ban ruwa safe da yamma na aƙalla mako guda, a lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu ko zana ko leda. Mai gini da ke gaggawar a ɗora bulon kwana biyu, kuɗinsa yake zubarwa.

Sai dai ruwan da ke raya kankare bayan zubi shi ne ke kashe shi idan ya yi yawa a kwaɓi. Buhu mai kilo 50 ba ya bukatar ruwa fiye da wajen lita 25. Leburori kan ƙara ruwa don kwaɓin ya yi laushi ya shiga katako ba wahala. Rarar ruwan kuwa idan ta fita takan bar ƙananan ramuka a ciki, ƙarfin ya ragu, damshi ya samu hanyar kaiwa ga rodi. Rodin da ya yi tsatsa kumbura yake yi har ya tsaga kankaren daga ciki, don haka ake barin aƙalla santimita 3 tsakaninsa da waje. Ga ginshiƙi da dakin, ma'aunin da aka saba shi ne buhu 7 a kowace mita kubik, wato kilo 350. Wanda ya rage, ba a ranar za a gani ba. Benen da ya rushe a Duwala a watan Yuli na 2023 ya ci rayuka fiye da 30.

Yashi ma a duba shi. Na kogin Binuwai yana da kyau idan an ɗebo mai tsabta, amma wanda ya haɗu da laka yakan lulluɓe ƙwayoyin ya hana siminti kamawa. Gwajin ba shi da wuya: a zuba yashi rabin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye ya kwana. Idan laka ta kwanta da kauri a saman yashin, a wanke shi ko a nemi wani.

Buhun siminti kuwa ba ya son dogon ajiya, musamman da damina, domin yana jan damshi daga iska. A ɗora shi kan katako, nesa da bango, kada ya wuce wata 3. Wanda ya yi gudaji da hannu ba ya iya murƙushewa, bai kamata ya shiga ginshiƙi ko dakin ba.