FASHIN BAƘI: Wa zai biya idan na'urar sanyaya ɗaki ta mutu a hannun mai gyara?

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki ba sa samun zama. A daidai wannan lokaci ne kuma wata taƙaddama ke yawaita: an kira mai gyara ya wanke na'urar da ke aiki, ya gama, an kunna, ta ƙi tashi. Mai gida ya ce an kashe masa kaya, mai gyara ya ce dama ajalinta ya zo.

Kowannensu na iya zama mai gaskiya. A jikin injin waje akwai kafasita, ƙaramin ƙarfe mai ba kwamfuresa ƙarfin tashi. Idan ta yi rauni, na'urar na iya ci gaba da lallaɓawa har sai ranar da ta kasa tayar da injin, kuma ranar na iya faɗawa kan zuwan mai gyara. Canja kafasita aiki ne mai arha. Abin takaicin shi ne wasu kan yi shiru a kan haka, su ce kwamfuresa ce ta ƙone, wadda kuɗinta ya ninka na kafasita sau da yawa.

Akwai kuma ɓarnar da hannu ke yi. Ruwan wanki idan ya shiga fanel ɗin lantarki, musamman a na'urori masu inbata, yana iya ƙona shi da zarar an kunna. Haka ma cakuɗa gas. Tsofaffin na'urori na amfani da R-22, wanda ake janyewa a duniya ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1987, sababbi kuma R-410A ko R-32, kuma ƙarfin matsinsu da man da ke tafiya da su sun bambanta. Nau'in da ya dace na rubuce a jikin injin waje. Batun "gas ya ƙare" ma na buƙatar lura, domin gas ɗin ba ya ƙonewa kamar fetur, zagayawa yake yi cikin bututu a rufe. Idan ya ragu, akwai inda yake yoyo, kuma ƙara shi ba tare da toshe wurin ba asarar kuɗi ce.

Doka ba ta bar mai gida a banza ba. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta tanadi cewa wanda ya karɓi aiki ya yi shi da ingancin da ake tsammani, ya kuma mayar da kaya a yanayin da bai gaza yadda ya same su ba. Idan ya kasa, mai kaya na iya neman a gyara ɓarnar ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa.

Matsalar ita ce hujja. Galibin irin wannan aiki da baki ake ƙulla shi, ba rasit, ba shaida. Shi ya sa ya kamata a kunna na'urar a gaban mai gyara kafin ya taɓa ta, a ɗauki bidiyo, a kuma daidaita farashi ta saƙon waya. Idan ta mutu, kada a bari a fita da wani ɓangare nata kafin wani mai gyara ya duba, kuma duk abin da aka cire a karɓe shi. Idan na'urar na cikin garanti, barin wanda kamfani bai amince da shi ba ya buɗe ta na iya soke garantin.

Wani lokacin laifin na wuta ne, domin wuta mai rauni na sa kwamfuresa ta ja fiye da ƙima har ta yi zafi. Irin wannan koke ana fara kai shi kamfanin rarraba lantarki, idan bai warware ba a wuce zuwa hukumar da ke sa ido kan harkar lantarki.