Harhaɗa Manhaja Daga Tushe: Wane Lokaci Take Ci?

Ɗalibin ilimin halittu a wannan zamani ba ya wadatuwa da madubin duba ƙwayoyin cuta da kwalaben gwaji kaɗai. Da zarar bincikensa ya taɓa ƙwayoyin gado, tilas ya koma ga na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, ya ɗora mata manhajojin da za su tace masa bayanai. A nan ne da yawa kan gamu da abin da ba su zata ba. Mutum ya rubuta umurni na layi ɗaya tak yana sa ran minti biyu, sai allo ya cika da rubutu mai gudu, fankar na'ura ta kama kuka, a yi Azahar a yi La'asar aiki bai ƙare ba. Lafiyar na'urar ƙalau, harhaɗa manhajar take yi daga tushe. Tun daga 2019, shekarar da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura aka kuma aza harsashin Jami'ar Sufuri, masu hulɗa da irin waɗannan na'urori sun ƙaru a masarautar, saboda haka ya kyautu a san abin da ke cin wannan lokaci.

Manhaja takan zo wa mutum ta ɗayan fuska biyu, ko dafaffiya ko ɗanya. Dafaffiya ita ce wadda wani ya riga ya juya zuwa harshen na'ura, abin da ya rage kawai a sauko da ita a ajiye. Ɗanya kuwa ita ce asalin rubutun da masu tsarawa suka yi da wani harshe kamar C ko C++ ko Fortran, wanda mutum ke iya karantawa amma na'ura ba ta aiki da shi sai wata manhaja, da za a iya kira tafinta, ta fassara mata. Tafinta mafi shahara shi ne GCC, wanda Richard Stallman ya fitar a 1987. Bambancin kamar na mutum biyu ne masu son fura: ɗaya ya saya a kasuwar Daura ya dama, ɗaya kuma aka miƙa masa damin gero, sai ya yi sussuka da sheƙa da surfe da daka kafin a zo batun dafawa da kirɓi.

Mai kula da ƙunshi shi ne manhajar da ke ɗauke wa mutum wahalar nemowa da ɗorawa. Wasu, kamar apt na tsarin Debian, dafaffe suke kawowa. Wasu kuma, kamar tsarin ports na FreeBSD da aka fara a 1994 da Portage na Gentoo wanda ya fito sosai a 2002, an gina su ne a kan kawo ɗanye. Abin da ya fi shafar masu ilimin halittu shi ne harshen ƙididdiga na R, wanda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙiro a Jami'ar Okland ta Niyu Zilan. Rumbunsa na CRAN yana da ƙunshi fiye da 20,000, kuma yana ba masu Windows da Mac dafaffe, amma mai Linux ɗanye yake samu. Shi ya sa ɗalibai biyu za su rubuta umurni iri ɗaya, ɗaya ya gama kafin shayinsa ya huce, ɗaya ya share yini.

Babban abin da ke ruɗar mai lissafi shi ne, ƙunshin da aka nema ba shi kaɗai ake harhaɗawa ba. Kowane ƙunshi yana jingine da wasu, su ma suna jingine da wasu. Alal misali, DESeq2 na rumbun Bioconductor, wanda ake auna ƙarfin aikin ƙwayoyin gado da shi, yana janyo ƙunshi gommai a bayansa, cikinsu har da Rcpp da RcppArmadillo masu rubutun C++, harshen da ya fi C wahalar da tafinta nesa ba kusa ba. Wato mai damin geron nan ya waiwaya ya tarar babu turmi babu taɓarya a gidan, sai an fara sassaƙa su. A tsarin Gentoo abin yakan kai ga harhaɗa shi kansa tafintan, kuma GCC sau uku yake gina kansa, sannan ya gwada na biyu da na uku don tabbatar da sun zo daidai. Ke nan sabuwar na'ura ita ce ta fi shan wuya. Ƙunshi na gaba yakan tarar da rabin kayan aikinsa a ajiye.

Girman manhajoji ma ya bambanta ƙwarai. Ƙaramin kayan aiki yakan ƙare cikin daƙiƙoƙi, zuciyar Linux kuwa ta haura layi miliyan 40 a 2025, ko da yake ba duka ake fassarawa a lokaci guda ba, manhajar shiga intanet ta Chromium kuma tana cin awoyi masu yawa a kan kwamfutar cinya.

Da yake na'urori ba ƙarfinsu ɗaya ba, faɗin minti kaza ba shi da amfani. Littafin Linux From Scratch, wanda Gerard Beekmans ya fara a 1999, ya kawo dabara mai kyau. Ana auna lokacin da na'ura ta ɗauka wajen harhaɗa wani ƙunshi mai suna Binutils, a mai da shi mudu, wanda suke kira SBU, sai a riƙa auna sauran da shi. Idan mudun na'urar mutum minti 3 ne, ƙunshin da aka rubuta masa mudu 10 zai ci kimanin minti 30. Awon ba ya cika daidai, kamar dai yadda mudun wata kasuwa kan ɗara na wata, amma ya fi kirdado. Masu Gentoo kuma suna da genlop, wanda ke duba tarihin na'urar ya faɗi abin da ƙunshin ya ci a karon baya.

Na'urorin yanzu suna da cibiyoyin sarrafawa da dama, kuma manhajar make, wadda Stuart Feldman ya rubuta a 1976, tana iya raba musu aiki idan an umurce ta. Sai dai cibiya 8 ba ta rage lokaci kashi 8. Akwai sassan da ba sa rabuwa, kamar binciken farko da ake yi wa na'ura don sanin abin da take da shi, da ɗinke guntayen da aka fassara a ƙarshe. Gene Amdahl ya bayyana wannan iyaka a 1967. A ɗauka aikin minti 100 ne, minti 10 daga ciki ba ya rabuwa: cibiya 4 za ta gama cikin minti 32 da rabi, cibiya 8 cikin minti 21 da 'yan daƙiƙoƙi, kuma ko an tara cibiya 1,000 ba za a sauka ƙasa da minti 10 ba. Bugu da ƙari, kowane aiki yana bukatar gurbi a ma'ajiyar wucin gadi da ake kira RAM. Shawarar masu Gentoo ita ce a ware gigabait 2 ga kowane aiki guda. Wanda ke da gigabait 4 ya saki aiki 8 a tare, na'urarsa za ta koma kwashe kaya zuwa faifai tana dawo da su, ta yi ta tafiyar hawainiya, ko ma tsarin ya kashe tafintan ana tsakiyar aiki.

Akwai kuma abin da littattafan ƙasashen sanyi ba su cika kulawa da shi ba. Harhaɗawa tana sa kowace cibiya aiki iya ƙarfinta, kuma an ƙera na'ura ta rage gudu da kanta idan zafinta ya doshi digiri 100. A Daura da Mai'adua da Baure, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, kwamfutar cinya tana isa wannan iyaka da wuri, balle idan ƙurar hunturu ta toshe mata hanyar iska. Mudun da aka auna da sanyin asuba ba lallai ya yi aiki da tsakar rana ba. Ɗaukewar wutar lantarki ta fi wannan ciwo, domin batirin da ke kai awa 5 ana rubutu ba ya kai rabin haka ana harhaɗawa. Ƙunshin da aka riga aka gama ba ya ɓacewa, amma wanda ake kansa galibi daga farko ake sake shi, kuma R takan bar wata jaka mai suna 00LOCK wadda ke hana ci gaba sai an share ta.

Ga mafi yawan aikin ɗalibi, wannan jira ba ya biyan kuɗin sabulu, domin saurin da manhaja ke ƙarawa don an harhaɗa ta a gida kaɗan ne. Rumbun Bioconda yana ba da dubban manhajojin ilimin halittu dafaffu, kamfanin Posit yana dafa ƙunshin R don masu Linux, kuma ita kanta Gentoo ta fara raba dafaffun ƙunshi masu yawa a watan Disamba na 2023. Inda harhaɗawa daga tushe ke da riba shi ne manhajar da za ta yi makonni tana lissafi. GROMACS, wadda aka faro a Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan don kwaikwayon motsin sinadaran furotin, masu ita da kansu suna ba da shawarar a harhaɗa ta daidai da irin na'urar da za ta yi aiki a kai, domin ta ci moriyar umurnan lissafi na musamman da ke cikinta. A irin wannan hali, jiran rabin awa ko awa guda yana iya rage kwanaki daga lissafin da ke gaba, kuma ya fi dacewa a fara shi da dare, bayan an cika batir an kuma kakkaɓe ƙurar fanka.