Gajeren Yaro Ma Yana Da Gurbi A Ƙwallon Kwando

Daga Wakilinmu

Galibin mutane sun ɗauka ƙwallon kwando wasan dogaye ne kurum. Saboda haka idan malamin wasanni ya tashi zaɓen 'yan wasa a makarantar sakandare, sai ya jera yara, ya tsinci masu tsawo, ya sallami saura. A makarantun karkara irin na Ƙaramar Hukumar Ungogo, daga Fanisau zuwa Rangaza da Gayawa, wannan al'ada tana iya jawo asarar yaron da ƙungiya ta fi bukata, watau mai raba ƙwallo.

Cikin 'yan wasa biyar da ke fili, biyu su ne 'yan baya, waɗanda ake kira gad da Turanci. Ɗaya shi ke ɗauko ƙwallo daga gida, ya tsara yadda za a kai hari. Na biyun aikinsa jefawa daga nesa, musamman daga bayan layin maki uku, wanda ke da nisan mita 6.75 daga kwando. Tsawo ba shi ne sharaɗin farko a nan ba. Muggsy Bogues, wanda tsawonsa mita 1.60 ne kacal, ya yi kaka 14 yana wannan aiki a gasar NBA ta Amurka.

Abin da mai koyarwa zai fara cusa wa yaro shi ne ya ɗaga kai. Sabon shiga ba ya iya buga ƙwallo da ƙasa sai yana kallonta, wanda kuwa ke kallon ƙwallo ba zai ga abokinsa da ya sami sarari a ƙarƙashin kwando ba. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. Malam ya tsaya gaban yaro yana ɗaga yatsu, yaro yana tafe da ƙwallo yana faɗin adadinsu da ƙarfi. Da kan yatsu ake tura ƙwallo, ba da tafin hannu ba, kuma kada ta wuce ƙugu in abokin gaba yana kusa. Sai kuma hannun hagu. Mun saba tun muna ƙanana ana kwaɓar mu kada mu ci abinci ko mu karɓi abu da hagu, kuma wannan ladabi ne mai kyau, amma a fili ɗan bayan da ke da hannu ɗaya an gama da shi, don mai tsaronsa zai toshe dama ya bar masa hagun da ba ya iya amfani da ita. Lalle ne rabin lokacin horo ya tafi a kan hannun da ya fi rauni.

Bayan haka sai sanin lokaci. Bisa dokar hukumar FIBA, ƙungiya tana da daƙiƙa 8 ta tsallake tsakiyar fili, da daƙiƙa 24 ta jefa ƙwallo har ta taɓa bakin kwando, wanda aka matsa wa tsaro kuma ba zai riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 5 ba. Mai raba ƙwallo shi ne agogon 'yan'uwansa. Yaron da ya ƙware da wasa da ƙwallo yakan so ya burge 'yan kallo, ya yi ta zagaye har lokaci ya ƙure. Irin wannan ya kamata a zaunar da shi a benci ko da ya fi kowa gwaninta, har ya gane cewa ƙwallon da aka miƙa ta fi wadda ake gudu da ita sauri. A koya masa miƙawa daga ƙirji, da wadda ake bugawa da ƙasa ta wuce ƙarƙashin hannun dogo, sa'an nan ya saba da buɗe baki yana kiran tsari, domin kunya ba ta da amfani ga jagora.

Wajen tsaro kuwa, gwiwa a lanƙwashe, ƙafafu a buɗe, ido a kan cibiyar abokin gaba, don da ƙwallo da kafaɗa ake yaudara. Da ƙafa ake tare mutum. Mai yawan kai hannu zai tara laifi biyar a fitar da shi.

Ba sai an je nesa neman abin koyi ba. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars, wadda Sani Ahmed ya daɗe yana horarwa, ta ci kofin ƙasa sau da dama, ta kuma zo ta uku a gasar ƙungiyoyin Afirka a Alƙahira a 2016. Abubakar Usman, wanda ya yi shekaru yana raba mata ƙwallo, ya sa rigar Nijeriya. Da Nijeriya ta ci kofin Afirka a Tunisiya a 2015, ɗan baya ne, Chamberlain Oguchi, aka zaɓa gwarzon gasa, haka kuma Ezinne Kalu a gasar mata ta 2019. Masai Ujiri, wanda ya shugabanci Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019, a Zariya ya tashi, can ya fara wasan.

Cikakken fili mai tsawon mita 28 da faɗin 15 yana bukatar kuɗi, wannan kuwa aikin Ma'aikatar Ilmi ne da ƙaramar hukuma. Amma yawancin horon ɗan baya ba ya jiran kwando. Ƙwallo guda, da daɓen siminti ko baranda, da bangon aji da za a riƙa jifa ana cafewa, sun isa yaro ya yi rabin sa'a kullum bayan la'asar. Ungogo tana maƙwabtaka da birnin Kano, saboda haka shugaban makaranta zai iya shirya wa ɗalibansa zuwa ɗakin wasanni na Ƙofar Mata ranar da ake gasa, a zaunar da su inda za su ga fili sosai, a ce su bar bin ƙwallo da ido, su sa ido kan mai raba ta tun daga farkon wasa har ƙarshe.